Zan kai Baba yawon teku a babban jirgin ruwa: in biya da kaina ko in bi ta ajans?

Ɗan Bakin Binuwai, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin duk wanda ya taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ake kwana a ciki ana zaga garuruwan bakin teku.

Ba don kaina ba ne, don Baba ne. Shekararsa 76. Yana saurayi ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta nan Garwa, zamanin da jirage ke hauro Binuwai daga Najeriya in ruwa ya cika wajen Agusta da Satumba, su sauke gishiri da siminti, su ɗauki auduga da gyaɗa. Tun muna yara yake ba mu labarin wani matuƙi da ya ce masa waɗannan da yake gani ba jirage ba ne, 'ya'yan jirage ne, iyayensu suna can cikin teku. Maganar nan ta zauna masa a rai. Ya sauke farali, amma ta sama ya je ta sama ya dawo, teku kuwa ta tagar mota kawai ya hango shi a Jidda. Tun rasuwar Inna, shekara biyu ke nan, ba ya cika magana. Ranar nan jikansa ya nuna masa bidiyon wani jirgi mai hawa fiye da goma yana fita daga tasha, sai ya ce a sake masa. Sau huɗu aka sake. A daren na yanke cewa in Allah ya yarda sai na kai shi.

Ni kayan gyaran mota nake sayarwa, kuma abin da na ware domin wannan ya kai sefa miliyan huɗu. Ban taɓa zuwa Turai ba. Iyakata Duwala da Kano, sai Dubai da na je saro sau ɗaya.

Ga inda na tsaya. Na duba a intanet na ga tafiyar kwana bakwai a Bahar Rum, a tashi daga Basalona, a biya ta Marsel da Jenowa da wasu garuruwan Italiya a dawo, yuro 620 kowane mutum. Na buga lissafi, mu biyu wajen sefa dubu 813 ne. Sai wani abokina ya haɗa ni da wata ajans, wato kamfanin shirya tafiye-tafiye, a Duwala, matar da ke wurin ta aiko min da jimillar miliyan uku da dubu ɗari takwas, ta ce har da jirgin sama da otel da inshora da kuɗin aikinta. Tsakanin dubu ɗari takwas da kusan miliyan huɗu akwai tazara. Na san jirgin sama zai ci da yawa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin mai ajans yana yin wani abin da ni ba zan iya yi da wayata ba, ko kuwa kuɗin zama a ofis kawai zan biya?

Sannan yayata ta tayar da hankali, ta ce ta ji wani jirgi irin wannan ya taɓa kifewa a Italiya, kada in kai mata tsoho cikin ruwa. Akwai kuma maganar abinci da salla. Baba yana shan maganin hawan jini, gwiwarsa ta dama kuma tana damunsa in ya yi tafiya mai nisa.

Wanda ya sani ya taimaka min, Allah ya ba da lada.

Hajiya Maman Ummi, Njamena

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Na karanta sai da na yi ƙwalla, don ni nawa mahaifin bai jira na sami abin da zan yi masa ba.

Mun yi irin wannan tafiya da maigidana a watan Satumban 2023, daga Marsel muka tashi. Bari in faɗa maka abin da na gani da idona, sai ka auna.

Yuro 620 ɗin nan ba ƙarya ba ne, amma na tabbata kuɗin ɗakin ciki ne, wanda ba shi da taga ko ta leƙen rana. Ka ɗauko tsoho tun daga Garwa domin ya ga teku, sannan ka kwantar da shi inda ba ya ganin waje? Akwai ɗaki mai taga wadda ba ta buɗuwa, akwai kuma mai baranda, kuma ni mai barandar nake so ka kama masa ko da za ka rage wani abu a wani wuri. Maigidana bayan sallar asuba a barandar yake zama da carbinsa har rana ta fito daga cikin ruwa. Duk abin da muka gani a garuruwa, wannan ne har yau yake ambata. Bayan kuɗin ɗaki akwai kuɗin hidima da ake lissafa wa kowane mutum kowane dare, in ba a riga an haɗa shi cikin farashin ba. Ruwan kwalba da lemo na saye ne, intanet na saye ne, fita yawo da motar kamfanin jirgin in an tsaya a gari shi ma da kuɗinsa. Abincin babban ɗakin cin abinci da na wurin ɗiba-da-kanka ne dai ba a ƙara maka ko sisi.

Amma ba lissafin kuɗi ne ya sa nake cewa ka bi ta hannun wanda ya san aikin ba. Biza ce. Jirginmu yana da zango ɗaya a Tunis, babban birnin Tunisiya. Mu a tunaninmu bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, ɗaya ce, an ba ka an ba ka. Matar da ta haɗa mana takardu ita ta duba jerin garuruwan ta ce a'a, da zarar jirgi ya tsaya a Tunis kun fita daga Shengen, dawowarku Italiya shiga ta biyu ce, saboda haka dole a nemi biza mai shiga da yawa, ba mai shiga ɗaya ba. Ta rubuta wasiƙar bayani, ta haɗa da takardar jirgin mai nuna kowane gari da ranarsa. Ranar shiga jirgi a Marsel, a gabanmu aka tsayar da wasu mata da miji da yaransu biyu saboda wannan maganar. Matar tana kuka, mijin yana ta nuna tikitin da ya biya. Ba a bar su sun shiga ba. Kuma a sharuɗɗan kamfanonin nan, in takardunka ne ba su cika ba, laifinka ne, kuɗinka ya tafi. Har yau in na tuna fuskar yaran nan raina ɓaci yake.

Abu na biyu da ta matsa mana a kai, mu isa garin da kwana ɗaya kafin ranar tashi. Maigidana ya so ya ƙi saboda kuɗin otel. Sai ga shi jirgin samanmu ya yi lattin kusan awa biyar. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ne da za a ce direba dakata ga fasinja nan tafe. Ku da za ku taso daga Garwa, ko ta jirgin cikin gida ko ta mota zuwa Ngaundere ku kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ku bar wa kanku sarari a can ma.

Haka in an tsaya a gari. Za a rubuta lokacin da kowa zai dawo, galibi rabin awa kafin tashi. In da motar kamfanin jirgin kuka fita kuka makara, jirgi zai jira. In da kanku kuka fita, ba ruwansa. Ka lura da wannan musamman in an rubuta Roma a jerin, domin jirgi ba ya zuwa Roma, a wata tasha ake tsayawa mai suna Cibitabekiya, kusan kilomita 80 daga birnin, tafiyar awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasa.

Maganar yayarka gaskiya ce, kada ka ƙaryata ta. Costa Concordia sunan jirgin, a watan Janairun 2012 ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo, mutum 32 suka rasu. Bayan wannan ne aka tsananta doka, yanzu kafin a tashi ko da an tashi nan take sai an nuna wa kowane fasinja yadda ake sa rigar ceto da wurin da zai tsaya in an busa ƙaho. Ka riƙe hannun Baba ku je wurin nan tare, ku ga hanyar daga ɗakinku. Ka gaya wa yayarka haka, sannan ku bar wa Allah sauran.

Sale Domayo, Marwa

Hajiya, da girmamawa, ke kin dace da mutuniyar kirki. Ba kowa ke dacewa ba.

A 2022 na biya wa mahaifiyata kuɗin Umra ta hannun wani mai ajans, ofis da allo da na'urar sanyaya ɗaki, komai tsaf. Sefa dubu ɗari bakwai na ba shi kafin alƙalami. Wata uku yana cewa gobe, jibi, biza na hanya. Ranar da na je da zafina na tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba ni kaɗai ba ne, mun fi goma. Tsohuwa ta riga ta yi sallama da 'yan'uwa, ta ɗinka kayanta. Kuɗin bai ƙona min rai kamar yadda na rasa bakin da zan gaya mata ba.

Tun daga nan komai da kaina nake yi, kuma na je Faransa sau biyu kan harkar aiki ba tare da kowa ya riƙe min hannu ba. Yaya, ka sani cewa babu ɗan ajans ɗin da ke ba da biza. Ofishin jakadanci ke bayarwa, kuma kai da Baba dole ku je da ƙafarku a ɗauki hoton yatsunku, ba mai yi muku wannan. Kuɗin bizar yuro 90 ne kowane mutum tun watan Yunin 2024, wajen sefa dubu 59, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu in akwai. Jerin takardun da ake so yana rubuce a shafinsu. Shafukan manyan kamfanonin jiragen, irin su MSC da Costa, akwai su da Faransanci. Maganar Tunis da Hajiya ta kawo, ai kai ma kana da ido, ka zaɓi tafiyar da duk garuruwanta na Sifen da Faransa da Italiya da Malta ne, ka huta.

Kuma ka tambayi matar nan kai tsaye: kamfanin jirgi ba ya ba ta la'ada a kan ɗakin da ta sayar? In yana ba ta, kuɗin aikin da ta ɗora maka na mene ne?

Abu ɗaya da zai iya ba ka wahala in kai za ka biya shi ne katin banki. Dokar canji ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta sa iyakar sefa miliyan biyar ga matafiyi a tafiya ɗaya, in za ka wuce sai da takardun hujja, kuma iyakar biya ta intanet kana zaune a gida ba ta kai haka ba. Ni sau biyu kati ya ƙi wucewa sai da na je banki da takardar farashi. Ka je wurinsu tun da wuri.

Mai Tikiti, Ngaundere

Malam Sale, Allah ya mayar maka da alheri, ya kai Hajiyarka ɗakinsa. Abin da aka yi maka sata ce, kuma irinsu su suka ɓata mana suna.

Alhaji, ni shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ajans, saboda haka ka san daga bakin wa kake jin magana. Gaskiyar da ba kowa zai faɗa maka ba ita ce, yawancinmu a nan arewa tikitin jirgin sama da Umra da bizar Dubai muka sani. Ni a duk shekarun nan tafiyar jirgin ruwa huɗu kacal ta bi ta hannuna, kuma a ta farko tare da mai tafiyar muka koya. Don haka ba kasancewar mutum mai ajans ne zai amfane ka ba, sai in ya taɓa sayar da irin wannan tafiya ga mai fasfo irin namu. Wanda bai taɓa ba, shafin da za ka buɗe shi zai buɗe, ya ɗora nasa a kai. A nan Malam Sale bai yi kuskure ba.

Inda na saɓa da shi, shi saurayi ne mai tafiya shi kaɗai da takardar gayyata daga wurin aiki. Kai kuwa ɗan kasuwa ne da bai taɓa shiga Shengen ba, tare da dattijon da ba shi da albashi. Aikin wanda ya ƙware a nan shi ne sanin abin da za a fara biya da abin da za a jinkirta. Ofishin jakadanci zai so ya ga shaidar an kama ɗaki a jirgi da hanyar zuwa da dawowa. Kai kuma bai kamata ka zuba dukan kuɗinka kafin ka san ko za a ba ku biza ba, domin ana hanawa, kuma ba a mayar da kuɗin neman. Kamfanonin jiragen ruwa galibi kafin alƙalami suke karɓa, cikon kuma sai saura wata ɗaya ko biyu, ya danganta da kamfanin da irin farashin. In ka fasa, abin da suke riƙewa yana ƙaruwa ne yadda ranar tashi take matsowa, har ya kai ba a mayar maka da komai. Farashi mafi araha sau da yawa shi ne mai sharaɗi mafi tsauri. To ana iya shigar da takardun biza tun saura wata shida. Amsa bisa ƙa'ida kwana 15 ce, amma tana iya kai 45, ga kuma wahalar samun randebu, wato ranar da za a ba ku ku kai takardu, in lokacin hutun Turawa ya gabato. Mai hankali zai jera kwanakin nan yadda amsar biza za ta fito kafin ranar biyan ciko. Wannan jerin shi kake saye a wurinmu. In matar ba ta iya zana maka shi a takarda da kwanan wata ba, ka nemi wani.

Takardunka ma sai an duba su da idon wanda ya saba: bayanin asusun banki na watannin baya, rajistar kasuwancinka, takardar haihuwarka mai nuna cewa shi mahaifinka ne, da wasiƙar cewa kai ka ɗauki nauyinsa. Kada ka zuba miliyan huɗu a asusu rana ɗaya ana gobe randebu, alhali can baya babu motsi, hakan yana jawo shakka. Wace ƙasa za ku nema ma abin lura ne. Ƙa'ida ita ce ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo ɗaya kuma ƙasar da za ku fara shiga. Ku duba fasfo yau ɗin nan. Shengen tana son ya rage wata uku bayan fitarku, amma kamfanonin jirage da yawa wata shida suke nema. Namu na Kamaru shekara biyar yake yi, sabo kuma sefa dubu 110 ne, na Baba na aikin Hajji mai yiwuwa ya mutu.

Inshora kuma kada a haɗa maka biyu a ɗaya. Wadda biza ke buƙata ta rashin lafiya ce, mai ɗaukar aƙalla yuro dubu 30. Ta fasa tafiya daban take, kuma ba kowacce ke biya in biza aka hana ba. Ga mai shekara 76 a karanta maka sharaɗin shekaru da na ciwon da mutum yake da shi tun kafin tafiya.

Game da la'ada, e, kamfanoni suna ba ajans ɗin da ke da yarjejeniya da su. Wasunmu kuma ta hannun wani dillali a Turai suke saye, ribar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa suke sa kuɗin aiki. Ba laifi ba ne in an rubuta shi a fili. Ka ce ta rarraba maka miliyan ukun da dubu ɗari takwas layi layi, da sunan jirgin da irin ɗakin da hawan da yake. Kuɗi ta banki zuwa asusun kamfani, da rasit, ba ta waya zuwa lambar wani ba. Da ka biya kafin alƙalami ka karɓi lambar rajistar, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka ka ga sunanka da na Baba.

Wani abu kuma tun da dattijo ne mai kula da addini. Jiragen Bahar Rum akwai giya a ko'ina, akwai ɗakin caca, bakin wurin iyo kuma shigar Turawa ce ta lokacin zafi. Ana iya kauce musu, jirgin gari guda ne, amma ka shirya shi tun daga gida. Saudiyya ta fito da nata kamfanin, Aroya, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu caca, abinci halal, da wuraren salla. Ka sa ta bincika maka shi ma, da irin bizar da ake buƙata.

Inna Asabe, Kusseri

Ɗana, ni ma'aikaciyar jinya ce, ban taɓa shiga jirgin ba, amma na shirya tsofaffi da yawa zuwa Hajji, kuma jiki ɗaya ne.

Kafin ka ba kowa ko dala, ka kai Baba wurin likitansa a auna jinin da zuciya, ya rubuta maka sunayen magungunan a takarda da hatimi. Maganin ya fi na kwanakin tafiya da mako guda, kuma a jakar hannu, cikin kwalinsa. An ce manyan akwatuna karɓa ake yi a tasha, sai yamma a kai su ƙofar ɗaki, kada lokacin shan magani ya yi yana can. Akwai likita a jirgi amma da kuɗi yake duba mutum. Maganin amai na tafiyar ruwa kada ka saya masa da ka, wasu suna sa tsoho jiri da barci, suna kuma riƙe fitsari, sai likita ya zaɓa. Katin allurar shawara ku tafi da shi tare da fasfo.

Gwiwar nan ita ta fi damuna. Jiragen nan wasu tsawonsu ya wuce mita 300, zuwa cin abinci kaɗai tafiya ce. A nema muku ɗaki a tsakiyar jirgi kusa da lif, can ne ma aka fi samun sauƙin tangaɗi. A tambaya kuma ko akwai garin da jirgi ba ya matsawa bakin tasha sai an sauke mutane cikin ƙaramin jirgi, ranar ku zauna abinku. A filin jirgin sama a nema masa keken guragu tun wurin yankan tikiti, kyauta ne, ko da zai ce shi lafiyarsa ƙalau. Kuma ba dole ne ya sauka kowane gari ba. Teku ya je gani.

Hajiya Maman Ummi, Njamena

Inna ta tuna min da salla da abinci da na tsallake. Mu a ɗaki muke salla, wurin yana isar darduma ɗaya, sai a yi bi da bi. Malamin da muka tambaya ya ce mu yi ƙasaru, a tsaye in ana iya tsayuwa, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya. Ka sani daga Basalona alƙibla gabas ce mai karkata kudu, ba arewa maso gabas da kuka saba ba, kada Baba ya rikice. Ƙarfen jirgi yana ruɗa kamfas ɗin waya, mu talabijin ɗin ɗaki muke dubawa, tana nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Ku tafi da 'yar butar roba. Dutsen guga da abin dafa ruwa na lantarki kuwa ƙwacewa ake yi a ƙofa.

Abinci mu kifi da ƙwai da shinkafa da taliya da kayan lambu muka riƙe, ba mu ji yunwa ba ko sau ɗaya. Ka riƙa tambaya game da miya, suna zuba giya a wasu, alade kuma da Italiyanci maiale ne, da Sifaniyanci cerdo. Kada ku ɗauki kilishi, ba a shiga Turai da nama ko kayan madara a jaka. Ku nemi Mayu ko ƙarshen Satumba, Yuli da Agusta akwai cunkoso da tsada.

Ɗan Bakin Binuwai, Garwa

Jama'a na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Inna, jibi Litinin zan kai shi asibiti in sha Allah. Na duba fasfonsa, ya mutu tun bara, da ban tambaya a nan ba da sai a ƙurarren lokaci zan gani.

Jiya na kira matar Duwala da takarda a hannuna, na bi tambayoyin Malam Mai Tikiti ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ta sayar da irin wannan tafiya fiye da sau goma, ta ba ni sunan jirgin, kuma ɗaki mai baranda ta sa mana tun farko, shi ya sa lissafina da nata suka yi nisa. Ta aiko da rarrabuwar kuɗin da yamma. Jirgin sama na mu biyu shi ya cinye kaso mafi girma, kuɗin aikinta sefa dubu 150 ne a rubuce. Jerin garuruwan babu Tunis. Inda ta yi min shiru shi ne inshorar fasa tafiya, ta ce sai ta tambaya ko tana ɗaukar mai shekara 76, kuma ban ga kuɗin hidimar kowane dare a takardar ba. Na ce mata ba zan tura komai ba sai waɗannan biyun sun fito a rubuce, da kwanakin biya da na biza. Malam Sale, maganarka tana kunnena, ta banki zan biya, kuma zan je Duwala in ga ofishin da idona tun da ina da kaya a tashar jiragen ruwa wata mai zuwa. Na Jiddan ma na ce ta bincika.

Da daddare na zauna da Baba na gaya masa, don ban so in ci gaba da shiri a bayan idonsa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tambaye ni ko ana barin mutum ya tsaya a waje ya kalli yadda ake kwance igiyoyi lokacin tashi, don shi a zamaninsu igiyar jirgi ɗaya sai mutum uku ke ɗaga ta. Na ce masa zan tambaya. Hajiya, daga baranda ana hango wannan, ko sai an hau can saman jirgin? In sai an hau ne, akwai lif har can, ko matakala ce?